Sunan da Aka Gutsure a Bayan Faifai

A unguwar Obrero ta birnin Cali, a ƙasar Colombia, duk wanda ƙafarsa ta san rawa ya san ƙofar Doña Ubaldina Mosquera. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tana ɗinka takalman rawa a ɗan shagon da ke manne da gidanta: fari da baƙi na maza, masu tsinin dunduniya na mata. Ba ta cika magana ba in tana aiki, amma garmahonta ba ya hutawa. Faifanta duka ba su kai ɗari uku ba, abin da manyan masu tara faifai na garin ke ɗauka wasan yara ne. Sai dai a cikinsu akwai guda ɗaya da ta sani kamar yadda ta san tafin hannunta.

Yayanta Evelio ne ya kawo mata shi a shekarar 1974, tana da shekara goma sha bakwai. Aikin jirgin ruwa yake yi tsakanin Buenaventura da New York, kuma duk dawowa sai ya zo da wani abu a ƙunshe. Rannan ya zaro faifan daga cikin tawul ya miƙa mata.

"Ungo, ƙanwata. A kwandon kayan da suka yi kwantai na tsinto shi. Ki saurara ki gaya mini in an cuce ni."

Ba a cuce shi ba. Faifan kiɗan rawa ne da ake kira salsa, na Tato Villafañe da ƙungiyarsa, sunansa Candela en el Sótano, wato wuta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Waƙa takwas ce, huɗu a kowane gefe. Shi ne faifansu na farko, shi ne kuma na ƙarshe, don ƙungiyar ta watse kafin shekara ta zagayo. A New York ba wanda ya waiwaye shi. Amma a Cali, da 'yan ƙwayoyin da ma'aikatan jirgi suka shigo da su, sai kiɗan ya kama gari. Ba bikin aure, ba sunan jariri, ba ranar hutun da za a watse ba a sa waƙa ta uku ba.

Waƙar nan da kuge take farawa, shi kaɗai, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ganguna su amsa. Sai ƙaho biyu masu kaurin murya su faɗo tare, suna gurnani kamar manyan motoci biyu sun haɗu a siririyar hanya kowa ya ƙi ja da baya. Tato ya shigo da muryarsa mai tsatsa, 'yan amshi na bin sa. Ana tsakiyar haka sai kowa ya ja gefe, a bar wa fiyano fili. Minti biyu da rabi mai fiyanon ke yi shi kaɗai da ganguna, ya fara a hankali kamar mai taka tsani cikin duhu, ya yi ta hawa har sai mai rawa ya ji ƙafarsa ta ƙwace masa. A nan ne Tato ke kurma ihu: "Ki ba su, 'yar baƙa! Ki ba su!"

A bayan kwalin faifan an jera sunayen makaɗa tara, kowa da cikakken sunansa, ban da mutum ɗaya. A gaban fiyano abin da aka rubuta kawai shi ne: P. Quiñones.

Duk Asabar da la'asar masu tara faifai kan haɗu a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke dandalin unguwa. Kowa ya zo da faifansa a hammata, a sa, a saurara, a yi gardama har rana ta faɗi. Maza ne kusan dukansu. Shugaban zaman, ko da ba wanda ya naɗa shi, shi ne Don Heriberto Zapata, tsohon malamin makaranta da ake kira Farfesa. Faifansa sun haura dubu tara, kuma in ya yanke magana a kan wane ne ya busa me a wace shekara, ta yanku.

Wata Asabar cikin watan Maris aka sa waƙa ta uku. Da ta ƙare Farfesa ya gyara malafarsa ya ce, "Allah ya ji ƙan Pedro Quiñones. Irin hannun nan ba a ƙara yin sa ba."

Ubaldina tana zaune a gefen benci da kofin kofi a hannu. Ta sha jin wannan magana tana haɗiyewa. Rannan dai ba ta haɗiyu ba.

"Farfesa, wa ya gaya maka Pedro ne?"

Farfesa ya juyo a hankali.

"Doña Ubaldina, kowa ya san haka."

"Ni ban sani ba. Mace ce ke kaɗa fiyanon nan."

Don Arcadio direban tasi, wanda ba a raba shi da tsokana, ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "To fa! Yau kuma takalmi ya shigo aji zai koya wa Farfesa karatu!"

"Ka yi dariyarka, Arcadio, kai da ko kuge ba ka iya bi da tafi ba. Ku saurari abin da Tato ke faɗa. Wa yake ce wa 'yar baƙa?"

"Yarinyar da ke cikin waƙar mana," in ji Farfesa. "Waƙar soyayya ce."

"Yarinyar cikin waƙar tun baiti na biyu ta hau jirgi ta tafi. Kuma ku saurari hannun hagu. Ba ya kai wa inda hannun ƙato ke kaiwa a shimfiɗa ɗaya, sai ya yi tsalle ya ɗauko. Wannan tsallen shi ne daɗin kiɗan. Ƙaramin hannu ne. Na shekara arba'in ina auna ƙafafun mutane, na san ƙarami in na ji shi."

Farfesa ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Ranki ya daɗe, kunne ba hujja ba ne. Ki kawo takarda."

Ta koma gida ranta a ɓace. Ba dariyar Arcadio ce ta dame ta ba, murmushin nan ne. Ta ɗauko kwalin faifan, ta sa tabarau, ta shiga karanta bayansa kamar ba ta taɓa gani ba. Can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, akwai layi ɗaya na godiya ga wani coci a unguwar Bronx ta New York da ya ba su aron ɗakinsa na ƙasa suka ɗauki faifan. Ta karanta layin nan sau dubu a rayuwarta, ba ta taɓa tunanin coci wuri ne da wasiƙa ke iya zuwa ba.

Washegari ta ture fatun da ke kan teburin aikinta ta rubuta wasiƙa da hannunta. Ta faɗi sunanta da sana'arta, ta ce tambaya ɗaya gare ta: shin akwai wanda ya tuna mai kaɗa fiyano ranar da makaɗan Tato suka yi aiki a ɗakinsu na ƙasa?

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Duk Asabar Arcadio sai ya tare ta. "Doña, ina labarin budurwarmu mai ƙaramin hannu? Ko takalminta kike ɗinkawa tukuna?" Ita kuwa sai ta ce, "Ka dai kula da tasinka, jiya na ga ana tura ta."

A wata na huɗu amsa ta iso. Wata tsohuwar sakatariyar cocin ce ta rubuto. Ta ce limaman wancan zamani duk sun rasu, amma ita tana yarinya a ƙungiyar mawaƙan cocin lokacin, kuma ba ta manta kwana biyun da gini ya yi ta girgiza daga ƙasa ba. Mai kaɗa musu fiyano a coci a shekarun nan wata budurwa ce, Providencia Quiñones. Ta daɗe da komawa garinsu Ponce, a Puerto Rico. Ga lambar wayarta.

Ubaldina ta karanta sau uku a tsaye. Sannan ta zauna a kan kujerar da masu gwada takalmi ke zama, ta yi dariya ita kaɗai har hawaye suka zubo.

Sai da ta kwana biyu kafin ta iya kiran lambar. Da rana tsaka ta kira, ta rufe shago don kada a katse ta. Wata murya mai ɗan kaushi ta ɗauka.

"Doña Providencia? Sunana Ubaldina, daga Cali nake kira, a Colombia. Don Allah ke ce kika kaɗa fiyano a faifan Tato Villafañe?"

Ta ji an ja kujera an zauna a can ɓangaren.

"'Yar'uwa," in ji muryar, "wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Kunnena ne."

Sai tsohuwar ta yi wata dariya mai zurfi, ta ce a kira ta Provi kawai, ta shiga ba da labari. Tana da shekara ashirin da huɗu lokacin. Ta sauko ɗakin ƙasa ne don ta ɗauki littattafan waƙar coci, ta tarar da maza takwas sun yi jugum. Mai fiyanonsu ya datse yatsa a masana'antar da yake aiki, ga na'urar ɗaukar sauti an riga an kafa. Tato ya dube ta ya ce, "'Yar coci, kin iya wani abu ban da waƙar jana'iza?" Ta ajiye littattafan ta zauna. Da ta kaɗa musu minti ɗaya, mai ganguna ya cire hularsa ya jefa sama.

"Kwana biyu muka yi. Waƙa ta uku sau ɗaya muka ɗauke ta, ba maimaici. Da aka zo buga kwali, mai kamfanin ya ce sunan mace ba ya sayar da faifan salsa. Ni ma ban ja ba, don da babana ya ji, da ya kore ni daga gida. Daga nan na koma koyar da yara, shekara talatin da shida. Ko ƙwaya ɗaya ta faifan ba ni da ita. Ai ba wanda ya saurare shi."

"Ba wanda ya saurare shi?" Ubaldina ta miƙe tsaye da wayar a kunne. "Doña Provi, da waƙarki aka yi bikin aurena. Da ita aka yi na 'yata. A garin nan akwai tsofaffin da likita ya hana su rawa, amma in fiyanonki ya shigo sai a riƙe su. Yaran da ba a haifi iyayensu ba lokacin da kika zauna a kujerar nan, yau suna kwaikwayon bugun hannunki da baki, ɗaya bayan ɗaya."

"Kina dai so ki faranta wa tsohuwa rai."

"To ki zo ki ƙaryata ni. Ƙarshen Disamba ake bikin gari, masu faifai na da dandalinsu kwana biyar."

Daga ranar suka riƙa waya duk Lahadi bayan an taso daga coci. Provi na ba ta labarin makaɗan ɗaya bayan ɗaya, Ubaldina na rubutawa a bayan takardun awon ƙafa. Ba ta gaya wa kowa a dandali ba. Arcadio ya ci gaba da tsokana, ita kuwa ta ci gaba da shan kofinta. A farkon Disamba Provi ta ce, "Na sayi tikiti. In na tarar ƙarya kika yi mini, a gidanki zan zauna har bikin Ista ina cin abincinki."

Ranar da aka ba Ubaldina fili, rana ta uku ce ta bikin, wajen ƙarfe huɗu na yamma, iskar da ke saukowa daga duwatsu ta fara kaɗawa. Filin ya cika maƙil. Rumfunan masu sayar da tsofaffin faifai sun jeru, masu chontaduro, wani dafaffen ɗan itace mai kama da kwakwar manja, na zuba masa zuma da gishiri suna miƙawa, tsofaffi sun sha fararen kaya da takalma masu ƙyalli, da yawansu ɗinkin hannunta. A ƙa'ida kowane mai faifai zai hau dandamali, ya yi bayani na minti biyu, ya sa waƙa ɗaya. Farfesa na zaune a teburin alƙalai. A layin gaba kuma, kan wata farar kujerar roba, ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa baƙa da sandar hannu da furfura a ɗaure, ba wanda ya kula da ita.

Ubaldina ta hau da faifanta a ƙirji.

"Jama'ar Cali, faifan nan kun san shi. Yau mutanen da ke cikinsa na zo in gaya muku."

Ta fara jero su. Tato Villafañe, wanda da rana yake wanke kwanuka a otal. Masu ƙaho biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Berríos, waɗanda ba sa ga maciji a waje amma in sun ɗaga ƙaho sai ka ce numfashi ɗaya suke ja. Cheo Maldonado mai ganguna, kafinta, wanda ya ɗaure yatsunsa da tsumma a rana ta biyu don sun fashe, bai ce a tsaya ba. Duk sunan da ta kira sai fili ya amsa da tafi. Ta kira takwas, sannan ta numfasa.

"Mai fiyano kuma ba Pedro ba ne. Ba a taɓa yin wani Pedro ba. Sunanta Providencia Quiñones."

Guna-guni ya tashi. Farfesa ya jawo abin magana gabansa. "Doña Ubaldina, da girmamawa, mun yi wannan maganar. Na ce ki kawo takarda."

"Takarda tana jakata, Farfesa. Amma na kawo maka abin da ya fi ta."

Ta nuna layin gaba. Tsohuwar ta dogara sandarta ta miƙe. Mutum biyu suka taimaka mata ta hau matakala. A gefen dandamalin akwai fiyanon ƙungiyar da za ta yi wasa in an jima, an lulluɓe shi da zane. Provi ta yaye zanen, ta miƙa wa Ubaldina sandar, ta zauna, ta murza yatsunta da suka ɗan karkace don tsufa.

"Sa shi, 'yar'uwa," ta ce. "Mu ji ko na tuna."

Ubaldina ta ɗora allura a kan waƙa ta uku. Kuge ya ƙwanƙwasa, ganguna suka amsa, ƙahonnin suka faɗo. Provi ta rufe ido, kanta na gyaɗawa, leɓenta na motsi. Shekara arba'in da bakwai rabonta da jin muryar Tato. Da aka zo wurin fiyano sai ta sa hannu.

Budurwar da ke cikin faifai da tsohuwar da ke kan dandamali suka tafi tare, taku ɗaya, ba wadda ta riga wata. Waɗanda ke kusa suka ga hannun hagun nan yana tsalle yana ɗaukowa, daidai inda kunnensu ya saba ji. Wata mata ta ƙwala ihu. Kafin a kai rabi ba sauran mai zama a filin. Da Tato ya yi kiransa daga cikin lasifika, mutum dubu suka ɗauka tare da shi: "Ki ba su, 'yar baƙa! Ki ba su!"

Faifan ya kai ƙarshen waƙar, Provi ba ta tsaya ba. Makaɗan ƙungiyar da ke jiran lokacinsu a bayan dandamali suka dubi juna, mai gangunansu ya ruga ya zauna, mai kuge ya bi shi, masu ƙaho suka fito suna gyara baki. Ta ja su minti goma sha biyu. Wuraren da ba ta samu ta je ba a 1972 don faifai ba shi da fili, rannan duk ta je. Ubaldina na tsaye riƙe da sanda a hannu ɗaya, kwalin faifai a ɗayan, tana rawa da kafaɗu, hawaye na bin kumatunta ba ta damu ta share ba. Can ƙasa ta hango Arcadio ya hau kan kujera yana kaɗa rigarsa a sama, yana ihu, "Na faɗa muku! Tun farko na ce matar nan ta san abin da take faɗa!"

Da kiɗan ya tsaya, an fi minti biyar ba a jin maganar kowa. Sannan Farfesa ya taso daga teburin alƙalai. Ya hau matakalar a hankali, ya cire malafarsa, ya tsaya gaban Provi ya sunkuya. Daga nan ya juya ya karɓi abin magana.

"Shekara talatin ina koya wa mutane abin da ban sani ba," ya ce. "Doña Ubaldina ta ji abin da ni da faifaina dubu tara ba mu ji ba. A rubuta haka, ni na faɗa."

Provi ta jawo hannun Ubaldina ta ɗaga shi sama, fili ya sake kaurewa da tafi. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Ba ki yi ƙarya ba. Amma duk da haka sai na kai Ista. Ba ni wayarki."

"Wa za ki kira cikin wannan hayaniya?"

"Cheo. Mu biyu muka rage. Yana gidan 'yarsa a Florida, kunnensa ɗaya ya mutu, amma ɗayan na aiki."

Provi ta danna lambar da ka. Da aka ɗauka ta ƙwala murya, "Cheo! Provi ce! Kana zaune? To ka riƙe kujerar da kyau!" Ta juya ga jama'a ta gaya musu wanda ke kan layi, ta ɗaga wayar sama. Filin gaba ɗaya ya shiga kiran sunansa, Cheo, Cheo, Cheo, ana tafi a kan bugun kuge. Ubaldina ta kara kunnenta a jikin wayar. Daga can nesa ta ji tsohon yana dariya yana tari, sannan ta ji ya fara dukan tebur da tafin hannu, yana bin tafin nasu, bai kuskure ko bugu ɗaya ba.